Tozon Mudun Kaza

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna saurare.

A wani gari na dabbobi, ana biyan masu yashe rijiya da hatsin da ake karɓa daga rumbunan manya. Wata kaka Giwa, mai rumbu goma, ta tara jama'a ta ce, "Ruwa kowa ke sha, don me mu kaɗai za mu biya? A bar rumbu ya huta. Duk mai awo a kasuwa, a share tozon mudunsa a ba rijiya. Kowa daidai ke nan."

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, yaushe rabonki da awo?"

Ba wanda ya kula shi. Kaza dai maganar ta yi mata daɗi, ga shi Giwa ta kira ta "ƙanwata" a bainar jama'a. Ita ta fara ɗaga fiffike, sauran ƙanana suka bi.

Damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada. Kaza ba ta da rumbu, sai 'yan tsaki tara, don haka kullum tana kasuwa, kullum ana share mata tozo. Ashe tozon nan shi ne rabon autanta. Giwa kuwa daga rumbunta take ci, ba ruwanta da mudu.

Ranar da autan ya kasa tashi, Kaza ta je wurin Kurege ta ce, "Yaya, na yi kuskure. A sake taro."

Ya ce, "Taro sai kaka, ƙanwata. Yaron zai kai?"

Ta koma gida, ta tura wa autan nata rabon, ta ce masa ta ci a hanya.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.