Aljihun Dalma da Aka Ɗinke

A Kaura Namoda akwai wani mutum mai suna Mudi, wanda ya yi shekaru a kudu yana aikin nutso a teku, yana kankare gindin jiragen ruwa. Da ya gaji ya dawo gida da kayan nutso na mutum biyu da ɗan injin cika tukunyar iska. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya: bai iya rabuwa da abu ba. Ƙusa ce ta faɗi a yashi, sai Mudi ya tsuguna ya tona har ya gan ta. Mutanen unguwa suna tsokanarsa cewa ko gashin da wanzami ya aske masa sai ya waiga ya dube shi kafin ya tashi.

Ya koya wa ƙanensa Sanusi sana'ar, suka zama su biyu ake kira idan damina ta cika gulbi. Injin ban ruwa ya nutse, ko babur ya zame daga kwalekwale, ko kuma, Allah Ya kiyaye, ruwa ya ci mutum, su ake nema tun daga Banga har Shinkafi.

Mai nutso ba ya sauka ƙasan ruwa sai da nauyin dalma a jikinsa, kuma hanya biyu ce ake ɗaukar ta. Akwai ɗamara, wadda ake jera dalmar a kanta a ɗaura a ƙugu. Tana danne ƙashi, tana zamewa, amma maɓallinta ɗaya ne, da yatsa ake ɓalle shi ta faɗi. Akwai kuma rigar iska mai aljihu biyu da ake zura jakunkunan dalma a ciki. Ta fi daɗin sawa, ba ta gajiyar da baya, kuma kowace jaka tana da jan mariƙi a waje. Idan abu ya ɓaci sai mutum ya fizge su, nauyin ya zube, ruwa ya ɗago shi. Sanusi ya saba da ɗamara. Mudi kuwa, saboda ciwon baya, rigar yake sawa.

Wata rana a Banga, maƙalin aljihu ɗaya da ya tsufa ya saki da kansa. Jakar dalma ta sulale cikin laka, Mudi ya taso a karkace. Bai ji ciwo ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya yi ta komawa wurin yana lalube har ruwa ya ja baya, bai same ta ba. Matarsa Asibi ta ce ko abinci bai ci da kyau ba a kwanakin.

Ran kasuwa ya ɗauki rigar ya tafi Kasuwar Daji wurin wani baduku mai suna Na'Allah. Ya sa aka yi masa sabuwar jaka ta fata, ya zuba dalma, sannan ya ce a ɗinke bakin aljihun biyu gaba ɗaya.

Na'Allah ya ɗaga basilla ya dube shi. "Duka biyun? To in kana son hiddawa hwa?"

"Ba ni son hiddawa. Ɗinke min su da zaren takalmi, wanda ko jaki ba shi tsinkawa."

"To, kai ka san kayanka."

Ya ɗinke su tsaf. Jajayen mariƙan nan kuwa aka bar su suna reto a waje kamar da, duk wanda ya gani zai ce lafiya lau suke. Mudi bai gaya wa Sanusi ba. Shi ne fa ya koya wa ƙanen nasa cewa abu na farko da mai nutso zai iya shi ne zubar da nauyi, don haka ya san amsar da zai ji.

Ana cikin tsakiyar damina aka kira su Zurmi. Babur ɗin wani makiyayi ya faɗa gulbi wajen ƙetarewa, a wani gurbi da masu haƙar yashi suka zurfafa. Ranar Mudi yana fama da mura, hancinsa a toshe, kuma mai mura ba ya nutso don kunnensa ba zai jure matsin ruwa ba. Aikin ya faɗa kan Sanusi. Shi kuma maruru ne ya fito masa a ƙugu, daidai inda ɗamara ke zama.

A bakin gulbi, mutane sun taru, Sanusi ya ɗaura ɗamarar ya yamutsa fuska ya kwance ta.

"Yaya, wagga ba ta ɗauruwa yau. Ara min rigarka."

Mudi ya buɗe baki. Ya dubi makiyayin, ya dubi masu kwalekwale da matan da suka ajiye wanki suna kallo. A gabansu duka zai ce shi, gwanin da ya yi teku, ya kai rigar nutso wurin baduku an ɗinke? Sai ya ce a ransa aikin ɗan lokaci ne, kuma shi kansa ya sha shiga da ita ba abin da ya faru.

Sanusi ya saka rigar, ya taɓa mariƙan biyu kamar yadda aka koya masa. "Waɗanga ni ka ja in ta ɓaci, ko?"

"Su na," in ji Mudi.

Sanusi ya yi bisimilla ya shiga. Kumfar numfashinsa tana tasowa a jere. Can sai igiyar da ke ɗaure a jikinsa ta motsa, alamar ya kwance ta ya ɗaura wa babur. Mutane suka fara ja. Babur ɗin ya taho, ya karce Sanusi, wani ƙarfe ya farke rigar iskar, ƙafarsa kuma ta lume a laka. Wannan daga baya aka gane. Abin da na kan tudu suka gani kawai shi ne kumfa ta taso da yawa lokaci guda, ta yi ta tafasa, sannan ta ragu, sannan ruwan ya kwanta.

Babur ya fito. Sanusi bai fito ba.

Mudi bai yi ihu ba. Ya ɗauki ɗamarar da ƙanensa ya ajiye ya ɗaura, ya goya ɗaya tukunyar, ya shiga. Yana sauka kunnensa na dama ya yi wata ƙara ya fashe, bai ma ji zafin ba. A ƙasan ba a ganin komai, da hannu ake tafiya. Ya shafa laka, ya shafa reshe, sannan ya shafa kafaɗa. Ya bi hannun zuwa ƙasa. Yatsun Sanusi biyar suna damƙe da jan mariƙi, ɗaya hannun ma haka. Ashe Sanusi ya ja su iyakar ƙarfinsa har bakin aljihun ya tattare, ɗinkin bai saki ba.

Mudi ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, nauyi ya hana. Sai ya zaro wuƙa ya shiga yanke zaren ɗaya bayan ɗaya. Aikin Na'Allah mai kyau ne, ya ɗauke shi lokaci. Da jakunkunan suka faɗi, ya sa yatsa ɗaya ya ɓalle ɗamarar da ke ƙugunsa, ita ma ta tafi. Ruwa ya ɗago su su biyu a hankali, ba tare da wata wahala ba.

A bakin gulbi aka yi ta danna ƙirjin Sanusi, ana salati. Mudi yana zaune a kan yashi, jini na bin wuyansa daga kunne, yana kallon wani tsuntsu da ke tsallen neman abinci. Makiyayin ya zo ya durƙusa yana kuka yana cewa da ya sani da ya bar babur ɗin. Mudi ya ce masa ba komai. Ya tashi ya naɗe igiya da kyau, ya wanke gilashin fuska, ya jera kaya a buhu kamar kullum.

An yi jana'iza a Kaura da la'asar. Masu gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, Allah Ya jiƙansa, Mudi yana amsawa da amin. Aka kawo fura ya sha. Aka ce ya je asibiti a duba kunnen, ya je. Asibi ta ce ta fi son ya yi kuka ko ya fasa wani abu, amma sai ya zauna a zaure yana kallon bango, idan an kira salla ya tashi, idan an idar ya dawo.

Bayan an share makoki, Hamida, matar marigayin, ta aiko a kira shi. Tana zaune a bayan labule cikin takaba. Muryarta ba ta rawa.

"Yaya, abu guda ni ka son sani. Ya taɓa nuna min rigar nan taka. Ya ce in dai da jajayen abin nan, ruwa ba shi riƙe mutum, kai ka koya mai. Shin mantawa ya yi? Tsoro ya kama shi bai ja ba?"



"Bai manta ba," in ji Mudi. "Ya ja. Duk abin da na koya mai ya yi."

"To mi ya hana?"

"Ni na sa anka ɗinke su. Don kar dalmata ta ɓace."

Labulen bai motsa ba. Mudi ya jira Hamida ta zage shi ko ta yi kuka, ba ta yi ko ɗaya ba, har ya gaji da jira ya sa takalmansa ya fita.

Mudi yana nan da rai. Kunnen dama ba ya ji, kuma bai sake shiga ruwa ba. Rigar tana rataye a zaurensa da aljihunta a yanke, don har yau bai iya jefar da ita ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mai nutso zai iya zaɓar ɗamara, zai iya zaɓar riga mai aljihu, kowace da daɗinta da wahalarta. Abin tambaya shi ne: ranar da ta ɓaci, nauyin zai sake ka ko ba zai sake ka ba? Dalma an yi ta ne don a iya zubar da ita. Kada tsoron ƙaramar asara ya sa ka toshe hanyar tsira, kuma idan ka canja wani abu a kayan da rai ya dogara da su, ka faɗa kafin ka miƙa wa ɗan'uwanka, ko da za a yi maka dariya. Kunyar da Mudi ya guje wa a bakin gulbi da ta wuce kafin magariba.