Ranar da Inna Ta Kama Sunan Barira

Ku ja tabarmar nan inuwa, kowa ya ɗauki ƙwaryarsa. Hannu na ɓarar gyaɗa, kunne na wajena. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai na jira rana ta faɗi ba. Gwaggona ce ta ba ni labarin, ita kuwa da idonta ta ga mutanen. Ke mai danna waya, kife ta. In na gama akwai tambaya, kuma duk wanda ya ce mini “ai duk ɗaya ne” ba zai ci tuwona yau ba.

A wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, yunwa ta shiga Tungar Maje. Maza suka tafi neman abin kawowa, aka daina jin labarinsu. Aka cinye dusa, aka cinye iri, aka koma haƙa gidan tururuwa ana kwashe 'yar ƙwayar da suka tara. Da na kusa da gari suka ƙare, ba abin da ya rage sai daji.

'Yan mata huɗu suka shirya: Barira, Delu, Tasalla da Hansai. Sa'o'in juna ne, ba wadda ta wuce sha shida. Tare suke zuwa rijiya, tare ake zane su in sun daɗe. Kowacce ta ɗauki fartanya da kwando da goran ruwa, suka nufi Dajin Maikira, tafiyar kwana da wuni, domin can ne kaɗai rogon daji ya saura. Ya saura ne don ba mai zuwa.

Dajin yana da doka ɗaya, kuma ko yaron goye a Tungar Maje ya san ta. Ba a kiran kowa da sunansa a ciki. In kana neman ɗan'uwanka, ka buga ƙotar fartanya a jikin itace, shi ma ya buga. Akwai abin da ke zaune can, ba wanda ya taɓa ganinsa, ba shi da komai sai kunne da murya. In ya tsinci sunanka, zai kira ka da muryar da ka fi son ji a duniya. Amsar fari ta ba shi ƙafafunka. Ta biyu ta ba shi idanunka. Ta uku kuwa, ba wanda ya dawo ya faɗi abin da take ba shi.

Barira 'yar fari ce. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan ba, iyayenku mata na rangaɗa sunan ɗan fari a tsakar gida kamar masu tallan ƙosai. A da, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Ni ɗin nan, babanku babba har ya yi furfura bai ji sunansa a bakina ba, kuma ga shi can da ransa. Innar Barira kuwa ta fi kowa riƙe wannan a garin. Daga “ke” sai “waccan”. Shi ke nan abin da yarinyar ta sani.

Kwana biyu suna haƙa lafiya, ba mai magana sai da hannu da ƙota. A rana ta uku da hantsi, Barira ta sunkuya gindin wani suri tana tono, ashe kububuwa ta naɗe cikin busasshen ganye, bai fi taki ɗaya daga hannunta ba. Delu ce ta gani. Fartanyarta na ƙasa, itace na nesa, sai baki ya riga hankali.

“Barira, hannunki!”

Barira ta yi tsalle baya, macijiyar ta sari ƙotar fartanya ta sulale. Sai dajin ya yi tsit. Tsuntsaye suka yi shiru, ko ganye ba ya motsi.

Tasalla ta ce ƙasa-ƙasa, “Kin kashe ta, mai bakin tsiya.”

Delu ta ce, “Da na yi shiru ai da yanzu kumbura take yi, ke kina tsaye da ƙaton jikinki.”

Suka yanke su cika kwanduna a ranar su kama hanya. Bayan azahar suka warwatsu kaɗan don aikin ya yi sauri. Barira na tono ita kaɗai sai ta ji daga yamma, a hankali, har da 'yar gyaran muryar nan da uwarta ke yi kafin ta yi magana: “Barira.”

Ta san dokar. Kada ku ce ba ta sani ba. Amma shekara sha shida tana jiran ta ji yadda sunanta zai fito daga bakin nan. Ta miƙe, ta goge hannu a zani kamar yadda ɗiya mai tarbiyya ke yi, ta ce, “Na'am, Inna.”

Can an jima Hansai ta buga ƙota. Bugu biyu ne suka amsa mata, ba uku ba. Suka ruga, suka tarar da fartanya a tsaye cikin rami, kwando a gefe, gora a rataye.

To, ku ji abin da Delu ta yi. Ita 'yar maharbi ce, tun tana ƙarama ubanta ke nuna mata sawu. Wurin kuwa fako ne da falalen dutse, ƙafa ba ta barin alama. Delu ta durƙusa ta dubi layin tururuwa, ta ga inda aka taka su suka watse. Ta yi gaba, ta ga yanar gizo ta tsinke daidai tsayin fuskar mutum. Ta ƙara gaba, ta ga zaren zani a jikin ƙaya, da ɗigon jini. Nan ta gane Barira ba tafiyar mutane take yi ba, miƙe take sak, ba ta kauce wa komai. Mai kaya a ka ba zai cim mata ba. Delu ta sauke kwandonta, haƙar kwana uku, ta bar shi nan, tana sane birai ba za su bar ko ɓawo ba, tana sane uwarta da ƙannenta biyu shi suke jira. Ta kutsa sarƙaƙiya ba takalmi, sauran na bin ta. Wani tsinin kututture ya shige ta tafin ƙafa ya ɓullo ta sama. Ta zauna, ta zare ƙafar da hannunta, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da duban ƙasa. Da la'asar ta kai su wani kufai, tsohon gari da ya mutu tun kafin kakanninmu. Ƙafar nan daga baya ta ruɓe, da ƙyar aka tsayar da ita. Har Delu ta shiga kabari, da ɗingishi take tafiya.

A tsakiyar kufan akwai tsohuwar rijiya, ciyawa ta rufe bakinta. Barira na tafiya wajenta, jikinta duk yagar ƙaya. Daga cikin rijiyar muryar ke fitowa, kuma yanzu dukkansu suna ji.

“Barira, zo in gyara miki kitson nan, ya tsufa.”

“Na'am,” in ji Barira. Ta biyu ke nan. Baƙin idonta ya juye ya ɓace, sai fari fat. Ta yi murmushi, ta miƙa hannu biyu, ta ɗora ƙafa a kan ciyawar da ba ƙasa a ƙarƙashinta.

To, ku ji abin da Tasalla ta yi. Ita ce ƙaƙƙarfarsu, ita kaɗai take sussuke damin da mata biyu ke kokawa da shi. Ta yi sufa ta cafki zani, zani ya yage. Ta cafki idon sawu, nauyin ya ja ta rub da ciki har ƙirjinta ya leƙa ramin. Ta ce wani sanyi ta ji yana tasowa, da warin abin da ya daɗe da mutuwa. Ta sarƙafe ƙafafunta a saiwar itace, ta ja, ta ja, har ta fito da Barira ta danne ta a ƙasa. Barira na kokawa da ƙarfin maza uku, ta yakushe mata fuska, ta cire mata gashi. Sai muryar ta sake kira. Tasalla ta ga muƙamuƙi na buɗewa, ta ga harshe ya ɗaga. Ba tsumma kusa, ba ƙota. Ta cusa hannunta na dama cikin bakin. Barira ta datsa. Sauran sun ji ƙarar ƙashi. Tasalla ta yi ihu ɗaya, ta kira sunan Allah, ba ta zare hannun ba. Yatsu biyu ta bari a wurin, a hannun da take riƙe taɓarya da shi.

Amma danne mutum ba magani ba ne. Rana na sauka, ƙarfin Tasalla na tafiya tare da jininta, muryar kuwa ta koma kuka, tana cewa, “Barira, 'yata, ni za ki ƙi amsa wa?”

To, ku ji abin da Hansai ta yi. Ita ce ƙaramar jiki a cikinsu, ba ta iya bin sawu, ba ta iya kokawa. Danga ɗaya ce ta raba gidansu da na su Barira, komai aka faɗa can tana ji. Tun da suka iso take tsaye tana sauraren muryar. Sai ta durƙusa ta sa baki a kunnen Barira.

“Ke, saurara. Tun muna yawo tsirara nake jin gidanku. Yaushe Innarki ta taɓa kama sunanki? Yaushe ta taɓa sa hannu a kanki? Ba Gwaggo Abu ke yi miki kitso ba? Wannan mai daɗin bakin ba uwarki ba ce. Uwarki ba za ta taɓa kiran ki haka ba, har ki mutu.”

Hawaye suka zubo daga fararen idanun nan, amma haƙoran ba su saki ba. Sai Hansai ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta ɗaure fuska, ta kwaikwayi muryar da take ji kullum ta bayan danga, a daidai bakin rijiyar da ke sauraren komai.

“Ke waccan! Uban me kike yi a kwance, randa ba ruwa? Tashi ki ba ni wuri!”

Jikin Barira ya saki. Baƙin idonta ya dawo. Rijiya ta yi shiru. Tasalla ta zare abin da ya rage na hannunta. Barira ta tofar da jini, ta ɗaga kai, hankalinta bai gama dawowa ba, ta dubi wadda ke tsaye a kanta.

“Hansai?”

Can ƙasa, cikin muryar uwar Hansai, a hankali, aka ce, “Hansai.”

Hansai ta kwaɓa ƙasa da sauran ruwan gora ta toshe kunnuwanta. Suka ɗaure ta da zani tsakaninsu, gurguwa a gaba, mai guntun hannu a baya, suka fito. Kwana uku suka yi kafin su ga hayaƙin Tungar Maje, da kwando ɗaya tal da birai suka rage. Daga ranar Hansai ba ta ƙara amsa sunanta ba sai ta ga leɓen mai kiran. Bayan shekara biyu uwarta ta yanke jiki ta faɗi a bayan rumbu, ta yi ta kiran ta daga hantsi har azahar. Hansai na ɗaki tana ji, ta danne kunne da hannu biyu. Da aka gano matar ta riga ta yi sanyi. Barira kuwa, gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninta da Hansai. Maganar nan da Hansai ta faɗa mata a bakin rijiya ba ta taɓa fita ranta ba. Mutanen lokacin ba su san duk wannan zai zo ba, amma ku kun sani, sai ku sa shi a ma'auni.

Ranar da suka dawo, Innar Barira ba ta fito tarya ba. Tana zaune ta ba ƙofa baya tana tankaɗen garin da bai cika tafi ba, ko waiwaye ba ta yi ba. Washegari da safe ta kwance akuyarta, ita kaɗai ce dabbar da ta saura da rai a garin, kuma tana da nono. Ta ja ta har gindin majen da ke tsakar gari, inda mata suka taru, ta ɗaure.

Ta ce, “Wadda ta dawo da waccan, tata ce.” Ta juya ta koma gida.

Wani tsoho ya ce a yanka a raba uku. Mata suka yi masa ca, kuma sun yi daidai. Nama cin rana ɗaya ne. Nonon kuwa ludayi biyu ne a wuni, zai riƙe yaran gida ɗaya har ruwa ya sauka, in aka raba shi uku ba zai riƙe kowa ba. Kowane gida cikin ukun akwai yaran da wuyansu ya fara ƙin ɗaukar kansu.

Uwar Delu ta ce ba don 'yarta ba, da har yau ana bulayi a falalen dutse, ga shi ta dawo mata hannu wofi. Aka ce mata ai 'yarta ce ta saki sunan. Ta ce to, a je a tambayi kububuwa. Uwar Tasalla ba ta yi doguwar magana ba, ta kwance tsumman hannun 'yarta ta ɗaga shi kowa ya gani, ta ce ganin mutum na faɗawa rijiya ba ya fito da shi. Uwar Hansai ta ce da sawu da ƙarfi duk sun ƙare kafin magariba, ba don bakin 'yarta ba da gawa huɗu za a nema, kuma 'yarta ce kaɗai abin ya biyo gida.

Akuya na ɗaure tana kuka, hantsarta ta cika, rana na yin sama.

Ku ajiye gyaɗar. Delu, Tasalla, Hansai: wace ce a cikinsu za ta kwance igiyar nan?