Giyabos a Zauren Malam Barau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da motocin katako ke jigilar gyaɗa. Malam Barau ake ce masa. Bakanike ne da ƙuruciyarsa, amma da ciwon baya ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, sai ya koma zauren gidansa. A kawo masa ƙarafan da baƙin mai ya cinye, ya wanke, ya goge, a ba shi abin da ya sawwaƙa.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar musu, shi da matarsa Tabawa, sunansa Sallau. Shi ma wata ranar kasuwa mota ta kaɗe shi a kan keke a gangaren gada, ko shurawa bai yi ba. Direban yana kwance a asibiti aka yi zaman makoki, danginsa ne suka zo gaisuwa. Barau ya ce ya yafe. Bai taɓa ganin fuskar direban ba.

To, ku saurara da kyau.

Bayan 'yan shekaru, wata rana da hantsi, sai ga wani ramammen mutum ya turo amalanke, a kai kwanson giyabos ne, wato ƙarfen da giyar mota ke zaune a ciki. Ya yi baƙi ƙirin, giris da ƙasa sun daskare a jikinsa.

Ya yi sallama, ya ce, "Baba, sunana Ɗan'asabe, daga tasha aka turo ni. Wannan kaɗai ya rage daga motata. Masu saye sun ƙi shi, wai ba su iya ganin ko akwai tsaga a ƙarƙashin dattin. Yarana kuwa jiya ko koko ba su sha ba."

Barau ya ce, "Me ya sami motar?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Birki ne ya tsinke mini a gangaren gada, ranar kasuwa. Na kaɗe wani saurayi a kan keke. Tun daga ranar, in na kama sitiyari sai hannuna ya hau rawa. Barci ma ya gagare ni, Baba. Da na rufe ido, keken nake gani."

Jama'a, ku sa kanku a wurin tsohon nan. Barau ya daɗe yana kallon ƙarfen. Can ya ce, "Ka dawo ran Juma'a."

Da baƙon ya tafi, Tabawa, wadda ta ji komai daga tsakar gida, ta shigo zauren. Ta ce, "Malam, motar da ta ci mana ɗa, ita za ka zauna kana yi wa kwalliya?"

Barau ya jawo guduma ya riƙe. Da ya so, bugu ɗaya ya isa ya tsaga kwanson, ya ce da ma haka ya zo, wa zai ƙaryata shi? Ya riƙe gudumar nan, ya riƙe, sannan ya ajiye. Ya ce, "Tabawa, a gaban mutane na ce na yafe. Yau ne ake tambayata ko da gaske nake. Miƙo mini kananzir."

Ya jiƙa ƙarfen a tsohon daro. Ya bi shi lungu-lungu da buroshin waya, ya ƙwaƙule ramukan noti da tsinken ƙarfe, ya wanke da ruwan zafi da sabulu, ya shanya. Washegari ya sa samfefa mai kaushi, ya biyo da mai laushi. Yana gugar, yana share ido da gefen riga, yana gugar, yana kiran sunan Allah. Tabawa ta daɗe ba ta leƙo zauren ba. Ranar Alhamis sai ga ta da toka da tsumma, ta zauna ta kama ɗaya gefen.

Ran Juma'a Ɗan'asabe ya tarar da ƙarfensa yana ƙyalli, babu tsaga ko ɗaya. Ya fara kame-kamen ladan aiki, Barau ya ce, "Bar shi, ka sayi hatsi. Kuma iyayen yaron nan sun yafe maka har zuci. Je ka yi barci."

"Baba, ka san su ne?"

"Na san su."

Ɗan'asabe ya sayar da giyabos, ya kama 'yar sana'ar tireda. Da kaka ya ɗauko goro ya zo godiya, sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, Barau ya rasu. A nan wani maƙwabci ya gaya masa ko wane ne uban saurayin mai keke. Ɗan'asabe ya zube ƙasa yana kuka, sai da aka riƙe shi.

To, 'yan'uwa, "na yafe" a baki ba ta da wuya, kowa yana faɗa a zaman makoki. Yafiya ta gaskiya ita ce ranar da Allah Ya kawo maka wanda ya cuce ka yana neman taimakonka, guduma tana hannunka, ba mai ganinka sai Shi. Mu fa? A kan iyakar gona, a kan magana ɗaya, wani ya daina gaisawa da ɗan'uwansa na jini. Kowa ya koma gida yau ya nemi wanda yake riƙe da shi a zuciya, ya sake shi tun suna raye su biyun. Allah Ya yafe mana, Ya ba mu ikon yafewa.