Man Kaɗen Mma Mulikatu

Akwai wata mata a Kanvili, Mma Mulikatu, shugabar mata goma sha biyu masu yin man kaɗe. Hannunta kam ba dama, sai dai ita ma ta san da hakan, kuma nan matsalar take.

Wata mai kamfanin sabulu a Akra, Madam Mavis, ta ga mansu ta yaba. Ta ce za ta riƙa ɗauka duk wata, in dai zai zo iri ɗaya.

Watan farko ya fita tas. Wata na biyu biki ya taso, Mulikatu ta sa aka ƙara wuta don a gama suyar ƙwarar kaɗen da wuri. Mataimakiyarta Zuleiha ta ce, "Mma, tana ƙonewa fa."

"Ni za ki koya wa? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Man ya fita baƙi-baƙi, da warin hayaƙi. Wata na uku ta zage, ta yi wanda ya fi na farko. Duk da haka sai ga saƙon Turanci a waya daga Mavis.

Mulikatu ta kai wa maƙwabcinta Ticha Godfred wayar. Ya karanta ya ce, "Ta ce manki ba consistent ba ne."

"Zagi ne?"

"A'a, Mma. Kalmar daga Latin ta fito, tsohon yaren Turawa. Asalinta tsayawa ne daram, a bar abu a dawo a same shi yadda yake."

"Amma Ticha, na ukun ya fi na farko."

"Shi ne ai. In ta buɗe bokiti, ba ta san wace Mulikatu za ta tarar ba."

Mulikatu ta kira Mavis, ta roƙa har da kuka. Mavis ta ce ta riga ta koma wajen wasu mata a Sakasaka. Nasu bai kai na Mulikatu kyau ba, amma kullum haka yake.

Wallahi abin ya ba ni tausayi. Da safe matan suka iso da kwanoninsu, wasu da goyo, suna tambaya ko a hura wuta. Zuleiha ce ta ce musu su koma gida.

Darasi: Gwanintar yau akwai gobe babu ba ta riƙe mutane. Wanda aka san yadda za a same shi kullum, shi ake komawa wajensa. Ku tura wa duk gwanin da kuka sani, tun bai rasa tasa Mavis ɗin ba.