Mutumin da Ya Ɗinka wa Kwamfutarsa Riga

Akwai wani mutum a wata ikkilisiya, shi ne magatakardan ƙungiyar mawaƙa. Ba zan faɗi sunansa ba, ku daina waige-waige, misali ne. Mutumin nan yana da kwamfuta irin ta kan tebur, mai allo daban da akwati daban, yana kuwa ƙaunarta ƙwarai da gaske. Saboda yawan ƙaunar nan ya kira tela ya auna akwatin, aka ɗinka masa riga ta yadi mai kauri da shafin leda a ciki, don kada ƙura ta taɓa shi. Rigar ta rufe gaba, ta rufe baya, sai ƴar kafa inda wayoyi ke fita. Bai tsaya nan ba, ya tura akwatin cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tebur ya ja ƙofa.

A ikkilisiyar nan kuma akwai wata tsohuwa, Kaka Tabita. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san waƙoƙin da masu bi na farko suka rera a garin, tun ana sujada a gindin ɗorawa. Ba a taɓa rubuta waƙoƙin ba, a kanta suke. Idonta ya tafi, numfashinta ya fara gajarta. Sai dattawan ikkilisiya suka kira magatakarda suka ce, “Ka ɗauki muryar Kaka, ka kuma rubuta kalmomin tun tana da ƙarfi, gama in ta tafi sun tafi.” Ya ce su kwantar da hankalinsu, aikin ya zo hannun mai shi.

Aka riƙa kawo Kaka gidansa. Takan zauna a kan tabarma ta jingina da bango, ta gyara murya ta fara. Ana cikin waƙa, ɗif! Kwamfuta ta ɗauke, allo ya yi baƙi ƙirin. Babu sallama, babu gargaɗi. Ya danna maɓalli ta tashi, abin da aka ɗauka kuwa ya tafi.

“Kaka, yi haƙuri, a sake daga farko.”

“To, ɗana,” in ji ta, ta sake.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne mutuwar ba ta da lokaci. Wata rana da sanyin safiya ta yi ta aiki lafiya lau har ya fara murmushi. Wata rana da tsakar rana ko baiti ɗaya ba a kai ba ta ɗauke. Ranar da aka yi ruwan sama kuwa kamar sabuwa. Mai hankali da ya zauna ya tambayi kansa, me ya bambanta safiya da rana? Amma ina! Mutumin nan bai zauna ba, sai ya shiga neman mai laifi.

Da farko ya ce masu wutar lantarki ne, ya zage su tas, ya je ya sayo sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. Ta mutu. Ya ce soket ne, ya sa aka canja soket. Ta mutu. Wani ya ce masa ai ƙwayar cuta ce ta shiga, ya sa aka wanke kwamfutar gaba ɗaya aka zuba mata komai sabo. Ta mutu. Ya canja linzamin kwamfutar, ya canja madannan rubutu, abubuwan da ba ruwansu ba tsakinsu. Daga nan ya juya kan matarsa Rifkatu, wai ita ce take taɓa tebur in tana shara. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Rifkatu ta ce, “Maigida, ni ban san kan abin nan ba. Amma ga waya a hannunka, ka ɗauki muryar Kaka da ita mana, ko ka rubuta a takarda kafin a gyara.”

Ya ce, “Waya? Takarda? Ina da kwamfuta a gida in koma takarda, mutane su ce me?”

Kun ji fa! Tsohuwa tana ƙarewa a kan tabarma, shi kuwa abin da mutane za su ce ne ya dame shi.

Akwai wani ɗan'uwa a ikkilisiyar, sunansa Barnaba, sa'an magatakardan ne, gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Da abin ya ishi magatakarda sai ya ce zai kai masa. To, ku kasa kunne nan, gama nan maganar take. Kafin ya fita sai ya buɗe kabad, ya jawo akwatin, ya tuɓe masa rigar, ya ninke ta ya ajiye a kan gado, wai kada ta yi datti a hanya. Ya goge akwatin fes, ya ɗora a babur ya kai shago tsirara.

Barnaba ya ɗora shi a kan tebur, iska na shiga ta ko'ina, ya kunna. Kwamfuta ta wuni tana aiki ko tari ba ta yi ba. Da yamma ya ce, “Ɗan'uwa, ban ga ciwo a jikinta ba. A ina take zama a gida? Akwai abin da ke kusa da ita?”

“A ɗaki mana, ina kuma? Ba wanda ya kai ni kula da ita.”

“Bari in zo in gan ta a inda take zaune.”

Nan take mutumin ya tuna da ɗakinsa. A majami'a an san shi da farar riga mai guga, amma ɗakin nan buhunan masara ne a wannan kusurwa, tsofaffin takalma a waccan, rufi kuma yana yoyo an tara roba. Sai ya ce, “A'a, kada ka wahalar da kanka. Tun da ta warke shi ke nan.”

Ya koma gida da murna, ya mayar mata da rigarta, ya tura ta kabad ya ja ƙofa. Aka kawo Kaka, ta fara waƙa. Ɗif!

Haba jama'a! Haka aka yi ta yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya tuɓe, ya kai, ta yi lafiya, ya dawo, ya sa mata riga, ta mutu. Kowane zuwa Barnaba sai ya ce, “Bari in zo gida,” kowane zuwa shi kuma sai ya kawo dalili. Yau baƙi, gobe tafiya. Har ya fara yi da Barnaba a bayan ido, wai ashe bai iya aikin ba. Ni kam ko ba da labarin nan nake yi sai raina ya ɓaci.

Kaka Tabita kuwa kullum ƙarfinta raguwa yake. Wata rana da ya ce a sake daga farko, sai ta ce, “Ɗana, farkon nan na ba ka shi har na gaji. Ƙarshen ne nake tsoro ba za mu kai ba.” Tun daga ranar ba a ƙara iya kawo ta ba, ta kwanta.

Cikin makon nan ya kunna kwamfutar don ya duba ƴan waƙoƙin da suka tsira, sai ya ji ƙauri. Ta ɗauke, ya danna, ya sake dannawa, ba ta tashi ba. Sai a lokacin ya ruga ya kira Barnaba, ya ce ya zo gida.

Barnaba ya shigo. Bai dubi buhunan masara ba, bai dubi robar yoyo ba. Ya durƙusa ya buɗe kabad, zafi ya buso masa a fuska kamar an buɗe tanda. Ya ga riga. Ya nuna ta ya ce, “Ɗan'uwa, kullum haka take zaune?”

“Don ƙura ne.”

“Kash! Ai abin nan numfashi yake yi. Ka ga waɗannan ƴan ramukan? Ta nan fanka take fitar da zafi. Ka toshe mata hanci, zafi ya taru, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Duk mutuwar nan da take yi, kuka take yi maka. Da ka kawo mini ita da rigarta ko sau ɗaya, da ban ma buɗe ta ba na gaya maka.”

Ya kwance ta ya duba. Zafi da yawan ɗaukewa sun lalata ma'ajiyar da waƙoƙin suke ciki, ba abin da ya fita. Kafin a samo wata kwamfutar, Kaka Tabita ta huta. Ranar jana'izarta mawaƙa suka tashi za su rera ɗaya daga cikin waƙoƙinta, suka yi baitin farko, suka tsaya suna duban juna. Ba wanda ya san na biyu.

Yanzu ga ma'anar misalin, ku ji da kyau. Kwamfutar nan zuciyarka ce. Rigar ita ce abin da kake rufe halinka da shi a gida, kana kiransa kula, kana kiransa mutunci. Shagon Barnaba kuwa nan ne, inda muke zaune yau. Ranar Lahadi kowa ya goge fes ya zo, ya yi waƙa, ya ce amin, ko tari babu. Fasto ya tambaye ka, “Yaya gida?” ka ce, “Lafiya lau.” Ka koma Litinin ka ɗauke ɗif: fushi ba dalili, tsawa ga ƴaƴa, gaba da maƙwabci, addu'a ta mutu a tsakiya. Sai ka ce Shaiɗan ne, ka ce matarka ce, ka ce tsadar rayuwa ce. Ka canja coci ma, kamar mai canja soket. Ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi, amma mu mun iya zuwa wurin Mai gyara mu bar ciwon a gida a ninke.

Ubangiji ba ya neman ganinka a inda kake kyau. Cewa yake, bari in zo in gan ka a inda kake zaune. Kai kuma kunyar tarkacen ɗakinka ta hana ka, sai ka ce bai san da su ba.

Kada kuma ka ce akwai lokaci. Kowa a nan yana da wanda ke zaune a kan tabarma yana jiransa ya gyaru: uwa da ta tsufa, mata da ta gaji da haƙuri, ɗa da ke girma yana kallo. Kullum kana ce musu a sake daga farko, suna cewa to. Ba za su yi ta cewa to har abada ba.

Saboda haka yau in ka koma, ka durƙusa ka ce wa Ubangiji ya shigo gida. Kada ka tsaya shara tukuna.