Tulu da Igiyar Rijiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma a wayar Ummata nake rubutawa ba ta sani ba. In kun ga kuskure ku tsallake shi kawai. Ban taɓa turo komai shafin nan ba, karantawa kawai nake yi in yi shiru. Yau dai na ce bari in gwada.

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha shida, a gidansu kowa Tulu yake ce mata. Gajera ce, ga kumatu, ga zagayayyiyar fuska, in ta tsaya sai ka ga kamar ba ta da wuya. Saboda kunyar jikinta kullum cikin manyan riguna take, irin waɗanda mutum biyu za su shiga. Ba ta san rigunan ƙara mata faɗi suke yi ba.

Yayarta ce ta raɗa mata sunan, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita kuma Doguwa ake ce mata. Doguwa ce sosai, siririya, duk kayan da ta saka sai sun zauna mata. Ta yi aure, tana da ɗa guda ɗan shekara uku, ana ce masa Soja saboda ba ya tafiya sai da gudu da buga ƙafa. Mijinta ya yi tafiyar aiki, shi ne ta dawo gida ita da Soja na ɗan lokaci.

Tun da ta dawo Tulu ba ta ƙara cin abinci cikin daɗin rai ba. Tana kai hannu kwano za ta ji, "A'a, Tulu, a rage wa mutanen gida mana!" In ta zauna a kujera a ce, "Wayyo kujera, Allah ya ba ki haƙuri." Kowa ya yi dariya, har Umma. Ita ma Tulun sai ta yi 'yar dariyar, sannan ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito.

Babansu yana sayar da dusa da abincin kaji a shagon da ke jikin gidan. Yana da babban sikeli na ɗora buhu. Wata rana ya fita, sai Doguwa ta ja hannun Tulu har shagon, Umma na biye da su tana dariya.

"Hau mu gani, buhu nawa ce ke?"

Tulu ta hau. Allurar ta tsaya a kilo arba'in da tara.

"Kai! Sikelin nan ya ji tsoronki ne. Sauka ki ga yadda ake yi."

Doguwa ta hau tana gyara ɗankwali. Allurar ta wuce hamsin, ta wuce sittin, ta tsaya a sittin da takwas.

Umma ta ce, "Sikelin nan ya lalace, sai an gaya wa Babanku."

Tulu ta ce a hankali, "Ai jiya ma Baba ya gwada shi da buhu mai kilo hamsin, daidai ya nuna."

Doguwa ta juyo ta harare ta. "Ke rufe min baki! Ni ce zan fi ki nauyi? Makafi ne mu? Ki ƙara faɗar maganar nan a wani wuri ki ga yadda zan yi da ke."

Daga ranar Tulu ba ta sake tayar da zancen ba.

To a bayan gidan ana haƙa sabuwar rijiya. Masu haƙar sun kai zurfin wajen gaba huɗu, ruwa ya fara tsattsafowa, sai aka yi ruwan sama kwana biyu. Suka ce ƙasar ta yi laushi, sai ta ɗan bushe za su dawo. Suka rufe bakin da tsohon kwanon rufi, suka kwashe kayan aikinsu, igiya ɗaya kawai suka bari a gindin bishiyar mangwaro.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Baba ya tafi saro kaya wani gari, mazan layin duk sun fita nema. Umma na wanki, Doguwa na waya da mijinta a ɗaki, Tulu na wanke-wanke. Sai suka ji ƙarar kwano, ƙwaram! Daga nan shiru. Can sai ga kuka yana fitowa kamar daga cikin ƙasa.

Umma ta saki rigar da ke hannunta. "Ina Soja?"

Da gudu suka isa. Kwanon ya lanƙwashe ya zame gefe guda. Suka leƙa, can ƙasa ga Soja a tsaye cikin taɓo, ruwa ya kai masa ciki, ya ɗago kai yana kiran "Mama! Mama!" Taɓon ne ya tare shi bai karye ba, amma ƙafafunsa sun nutse a ciki.

Doguwa ta ƙwalla ƙara za ta faɗa ramin, Umma ta riƙe mata ƙugu. Maƙwabciyarsu, Maman 'Yan Biyu, ta ji ihun ta shigo ko takalmi babu. Aka kira wayar Baba, ya ce ko yanzu ya taso sai ya yi awa biyu a hanya. Aka kira mai haƙar rijiya, wayarsa a kashe. Maman 'Yan Biyu ta jawo tsaninsu, ko rabin ramin bai kai ba. Aka zura guga aka ce, "Soja, shiga ciki, yaron kirki!" Shi dai kuka kawai yake, ya kasa cire ƙafarsa.

Umma ta sake leƙawa, ta ɗago fuskarta ta canza. "Ruwan nan ƙaruwa yake, ko kuma yaron ne ke nutsewa. Ɗazu a cibiyarsa yake."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Sai dai a zura mutum. Amma mu uku ne za mu riƙe igiya, duk mata. Sai wadda ba ta da nauyi."

Ba wanda ya ko kalli Tulu. Duk suka kalli Doguwa.

"Ni zan shiga, ɗana ne! Ku ɗaura min!"

"Ke ɗin dai," in ji Maman 'Yan Biyu, "ke kamar takarda, da hannu ɗaya ma na riƙe ki."

Tulu ta buɗe baki. Lambar nan tana kan harshenta, sittin da takwas. Ta tuna hararar da aka yi mata a shago, sai ta haɗiye maganar. Ta je ta kama igiya a bayan Umma.

Suka ɗaura wa Doguwa igiya a ƙirji, ta juya baya ta zura ƙafafu. Tana sakin bakin rijiyar, igiyar ta fizge su gaba ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta faɗi a gwiwa. Ƙafafun Umma suka riƙa zamewa a cikin laka suna tafiya bakin ramin. Igiyar na gudu a tafin hannun Tulu kamar wuta.

"Ku riƙe! Ku riƙe ni!"

"Innalillahi! Wannan wane irin nauyi ne?"

Doguwa ta riƙa harba ƙafa tana neman wurin takawa, sai gefen rijiyar ya ɓalle. Ƙasa ta zuba ƙasa, yuuu, a kan Soja. Kukansa ya ɗauke.

Allah ne kawai ya taimaka ba ta yi nisa ba. Ta kamo saiwar bishiya da ta fito a bakin ramin, su kuma suka ja da iyakar ƙarfinsu har ta fito da rarrafe. Duk suka kwanta a bakin rijiyar suna saurare. Ba ka jin komai sai haki.

Can sai tari. Sai kuka kuma, amma ƙarami, ba irin na ɗazu ba. Ruwa ya kai masa ƙirji.

Doguwa ta miƙe. "Ku sake zura ni! Ba ku riƙe da kyau ba ne!"

Umma ta buɗe hannayenta, duk sun saɓule. "Ko kin sauka ba za mu iya fito da ke ba. A kansa za ki faɗa."

Sai aka ji wata 'yar murya. "Ni zan shiga."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Haba Tulu, ba lokacin wasa ba ne. Wannan ma siririyar mun kasa, sai ke?"

"Na fi ta rashin nauyi." Ta juya ta kalli Umma. "Ni arba'in da tara ce, Yaya sittin da takwas. Umma, kina wurin. Sikelin Baba bai lalace ba, da shi yake awo kullum, ba wanda ya taɓa dawo masa da buhu. Yaya tsawo ne da ƙashi da ƙarfi. Ni kumatu ne kawai da riga."

Tana faɗa tana cire ƙatuwar rigar ta sama, ta rage daga ita sai 'yar shimi da wando. Umma ta tsaya tana kallon hannayen 'yarta da kafaɗunta kamar yau ta fara ganinta.

Doguwa ta kwance igiyar daga ƙirjinta. Ta matso ta rungumo Tulu ta ƙugu ta ɗaga ta sama. Cak, ba ko nishi. Ta sauke ta, hawaye na zuba.

"Ki ɗauko min shi. Don Allah ƙanwata, ki ɗauko min shi."

Wannan karon Doguwa ce ta tsaya a ƙarshen igiya. Ta zagaya da ita jikin mangwaron, ta naɗe a ƙugunta, ta kafe dogayen ƙafafun nan a saiwa ta kwanta baya. Nauyin da ya kusa jawo masifa ɗazu, shi ne yanzu ya riƙe igiyar ƙam.

Tulu ta ɗaura zanin Umma a wuya ta fara sauka. Tsoro take ji sosai, dama ita ko ɗaki mai duhu ba ta iya shiga ita kaɗai. Bakin rijiyar na ƙanƙancewa a samanta, ƙasa na zubo mata a ido, igiyar na cin haƙarƙarinta. Ba ta taɓa bango da ƙafa ba don kar ya sake ɓallewa.

"Kin kai?"

"Saura kaɗan! A hankali!"

Ƙafarta ta shiga ruwa mai sanyi. Ruwan ya kusa haɓar Soja, bakinsa duk laka, jikinsa na karkarwa. Ya ƙanƙame wuyanta. "Anti Tulu."

"Na'am Sojana, ga ni. Soja ba ya kuka, ko?"

Ta sa hannu cikin taɓon ta tono ƙafarsa ɗaya, sannan ɗayar. Takalmansa suka tsaya a ciki.

Umma ta ƙwalo daga sama, "Mu ja?"

Tulu ta yi lissafi. Ita da Soja in an haɗa sun haura sittin, kusan nauyin da ya kayar da su ɗazu. Ta kwance igiyar daga jikinta, ta naɗe Soja da zanin ta ƙarƙashin hammata, ta ƙulla a igiyar sau uku.

"Ku ja shi shi kaɗai!"

"Ke fa?"

"Ku ja dai, Umma!"

Tana tsaye a cikin ruwan tana kallon ƙafafunsa suna yin sama. Babu igiya a jikinta, taɓo na jan ƙafarta a hankali. Wani guntun ƙasa ya faɗo mata a kafaɗa. Ta rufe ido tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta ji ihun murna a sama, sai ta ce a ranta, shi ke nan, ko sun manta da ni ya dai fita.

Ba a yi minti ɗaya ba igiyar ta faɗo mata a ka. Muryar Doguwa ce ta biyo ta, ta dishe da kuka.

"Ɗaura! Wallahi ko hannuna zai cire sai na fito da ke!"

Suka ja. Taɓon ya riƙe ta, suka sake ja, ya sake ta. Tana fitowa Doguwa ta fizgo ta suka zube tare a laka. Soja na hannun Maman 'Yan Biyu an lulluɓe shi da tawul, yana ta tambayar ina takalmansa.

An kai shi asibiti, suka ce ba karaya, sanyi ne kawai da ƙujewa. Da yamma Baba ya ji labarin duka. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ina gaya wa masu saye, buhun dusa ya fi na masara girma amma bai kai shi nauyi ba. Ashe a cikin gidana ban faɗa ba."

Da aka zuba abinci, Tulu ta ɗan tsakura kamar yadda ta saba za ta tashi. Doguwa ta kamo hannunta ta zaunar da ita. Tafukanta duk a naɗe da bandeji, da ƙyar take riƙe cokali, amma haka ta tura naman gabanta duka zuwa gaban ƙanwarta.

"Ci. In na ƙara jin wani ya ce miki Tulu a gidan nan, ni da shi ne."

Soja ya ɗago kai. "Anti Tulu, ba ni nama."

Umma ta fara dariya, ta ƙare da kuka. Shi kaɗai aka bari yana kiranta da sunan har yau.

Darasi: Ido yana ganin faɗi da tsawo ne kawai, ba ya auna nauyi, balle ya auna abin da ke cikin mutum. Kar ku mayar da jikin ɗan uwanku abin dariya har ya ji tsoron faɗar gaskiya a gabanku, don shirun da kuka koya masa zai iya cin ran wanda kuke so. Kuma duk yadda Allah ya yi jikinka, da ranar da zai yi amfani. Don Allah ku tura wa wasu, musamman yarinyar da kuka san tana tashi daga kan abinci ba ta ƙoshi ba.

Abu ɗaya na manta ban faɗa ba, har yanzu shatin igiyar nan yana nan a haƙarƙarina, ina nufin a haƙarƙarinta, kuma rigunan nan manya ta daina... wayyo, Umma na neman wayarta, ga ta nan ta taho, bari in