Randar Inna Gwamma

Ga ta nan, ga ta nanku, masu hamma su rufe baki.

Ta zo mu ji ta, mun rufe.

Wani gida ne a bakin fadama, gidan magina tukwane. Uwar gidan, Inna Gwamma, ita ke gini. Ƙaninta Kawu Nomau ke haƙo yumɓu ya ɗoro wa jaki. Goggo Kulu ke kwaɓawa da ƙafa, tana yi tana mita. 'Yar Inna tilo, Tasalla, ita ke goge tukwane da ɗan dutse har su yi sheƙi.

Gidan yana da al'ada tun kaka da kakanni. In mai gini ta rasu, sai a daka tukunyarta ta ƙarshe a turmi, a zuba garin cikin sabon yumɓu, don hannunta ya bi na baya.

Sai Inna ta gina wata randa, ta gasa ta, ta kwanta ciwo, ta rasu.

Bayan an share makoki, Tasalla ta ƙwanƙwasa randar da ɗan yatsa, yadda ake gwada ko tukunya ta gasu. Sai randa ta amsa, da muryar nan da Inna ke amsa kira in hannunta na cikin yumɓu: "Iyeee?"

Tasalla ta zauna dirshan. Ta sake ƙwanƙwasawa, randa ta sake amsawa. Sai ta mirgina ta ɗakinta, ta lulluɓe da zane. Kullum da safe ta gaishe ta, ta ba ta labarin kaji da na maƙwabta.

Sai Goggo Kulu ta zo da taɓarya don a daka randar. Tasalla ta ce ai tuni ta daka, ta miƙa mata gari. Ashe tsingaron bola ta tsinto. Aka kwaɓa, Tasalla ta gina, aka jera, aka rufe da kara da ciyawa, aka sa wuta. Sai aka ji fas, fas, fas. Ko kasko bai tsira ba.

Kawu Nomau ya ja magana ta hanci, ya ce shi dai jakinsa ba shi da laifi. Goggo ta riƙe ƙugu, ta ce ita ma ƙafarta tsarkakakkiya ce.

Sai Tasalla ta ɗauko ɗan kaskon da ta gina tana yarinya, Inna na riƙe da hannunta. Ta ce a ranta ai wannan ma da hannun Inna a ciki. Ta daka, ta zuba a ɓoye. Aka sa wuta. Fas, fas, fas.

Matan gari suka riƙa zuwa da gammo suna komawa kai wayam. Amare suka tare ba tulu.

Sai Tasalla ta ɓalli ɗan bakin randar, kamar ƙwayar gyaɗa, ta daka ta zuba. Tukwane suka fito ba fashi, amma duk yoyo suke. Ta koma ɗaki ta ƙwanƙwasa randa. Muryar ta dushe kamar ta mai mura.

Washegari Goggo ta ƙulle kayanta, ta ce za ta koma wurin ɗanta, tunda gidan ya mutu. Kawu kuwa ya ɗaure jakinsa, ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Tasalla.

Ya ce, "'Yar nan, ƙwanƙwasa mini in ji."

Ta ce, "Ka sani ashe, Kawu?"

"Ni na riƙe wa Gwamma turmi ran da ta daka ta uwarmu. Ita ma sai da ta ɓoye ta."

Tasalla ta ƙwanƙwasa. Kawu ya sunkuyar da kai, ya kasa kunne. Ya ce, "Farkon muryar na Gwamma ne. Jan da ta yi a ƙarshe, na uwarmu ne."

Tasalla ta yaye zanen. Ta ce, "Inna, zan kai ki wurin aiki." Kawu ya riƙe turmi, Tasalla ta daka randar, ta zuba garin cikin yumɓu. Goggo ta ajiye ƙullinta, ta naɗe zane zuwa gwiwa, ta shiga yumɓu, ranar ko mita ba ta yi ba.

Aka sa wuta, ba a ji komai ba sai ƙarar kara. Da toka ta huce, Tasalla ta bi tukwane ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Tulu ya ce "Iyeee?" Randa ta ce "Iyeee?" Har ɗan asusu ya amsa da 'yar siririyar murya.

Mata suka kwashe su kaf, aka watsu da su gari. Tun daga nan, in an tashi aiki da la'asar, sai a ga Tasalla gida-gida tana neman ruwan sha, alhali gidansu a bakin fadama yake. Matan sun gane. Sai su nuna mata gindin randa, su kau da kai, su bar ta ta gaisa.

Ƙurunƙus, kan ƙusu ya faɗa tulu. Abin da aka bar maka gado, in ka kulle shi a ɗaki dushewa yake yi. Ku kuma kada in ji wani ya je gwada randar gidan nan da muciya.